Motar Ɗan Katako

Duk macen da ta ce miki ta yi sa'a mijinta a gida yake sana'a, ki turo mini ita. Ni ce nan na auri mai sana'a a gida, kuma wallahi matar direban babbar mota ta fi ni ganin fuskar miji. Ni ƙeyar nawa na sani. Ko ƙeya ɗari aka jera mini a tsakiyar kasuwa zan nuna miki tasa ba tare da na yi kuskure ba, don ita nake yi wa sallama, ita nake kai wa shayi, ita kuma nake yi wa faɗa.

Garejin yana bayan gidanmu, bango ɗaya ya raba shi da kicin ɗina. A ciki akwai injin sassaƙa ƙarfe da ya girmi aurenmu, da injin huda, da na walda, da wani teburin ƙarfe da ba a yarda ko kofi a ɗora masa ba. In famfon wani ya lalace, ko injin niƙa ya cinye wani ƙarfe da babu shi a kasuwa, sai a kawo masa guntun ya sassaƙa sabo. 'Yan unguwa Mai Awo suke ce masa, don ko ƙusa ka miƙa masa sai ya auna ta kafin ya amsa gaisuwarka. Ni dai Malam nake ce masa.

Ɗa ɗaya Allah ya ba mu. Guntu muke kiransa, saboda yana ƙarami ɗan mitsitsi ne, in ya shiga cikin 'yan ajinsu sai ki yi ta leƙe kafin ki gano shi. Yana aji huɗu a firamare muna cin abinci aka nuno wata mota a talabijin. Mota dai na ce, amma ƙwarangwal ce, ba ƙofa ba gilashi, bututun ƙarfe ne kawai da manyan tayoyi. Ta hau tudu ta yi tsalle, ta faɗa kwari ta fito, direban yana ɗaure a ciki da hular kwano. Yaron nan bai san lokacin da ya miƙe tsaye da cokali a hannu ba.

Ya ce, "Baba, ka iya yin irin wannan?"

Malam ya kalli talabijin ɗin ya taɓe baki. "Wannan? Wanda ya yi ta ko walda bai iya ba. Zan yi maka wadda ta fi ta."

"Yaushe, Baba?"

"Kafin ka gama firamare."

Ni ce shaida. A gabana aka yi, kuma na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi. Na ce to, ga abin da zai haɗa uba da ɗa.

Washegari da safe ya shimfiɗa wani faffaɗan katako a ƙasan gareji. Ya kwantar da yaron a kai ta gefe, gwiwa a lanƙwashe kamar yana zaune a kujera, hannu a miƙe kamar ya riƙe sitiyari, ya bi jikinsa da fensir yana zanawa. Guntu kuwa akwai jin cakulkuli. Fensir ya zo hammata ya ƙyalƙyale, ya zo bayan gwiwa ya harba ƙafa. Malam ya daka masa tsawa ya goge ya sake. Da aka gama ya yanke katakon da zarto, ya raba shi a gwiwa da ƙugu da kafaɗa, ya haɗa da noti yadda zai riƙa lanƙwashewa. Guntu ya ɗauko biro ya zana masa ido biyu da baki yana murmushi har kunne.

Na yi dariya na ce, "Malam, ga yaron a gabanka, me za ka yi da na katako?"

Ya ce, "Ke ba ki san aiki ba. Maigidana da ya koya mini sana'a bai taɓa bin jikin abu ba. Ka fitar da samfur sau ɗaya, ka yi shi daidai, sai ka ajiye abin can ka bi samfurin. Wannan yaron kuwa ko minti ɗaya ba ya iya tsayawa cik."

Na ce to, masu ilimi. Na koma kicin.

Da farko ana barin Guntu ya shiga. Ya miƙa sifana, ya riƙe ƙarshen tef, ya share ƙaiƙayin ƙarfe. Sai ran nan ya ɗauki ɗan ma'aunin nan mai baki biyu da Malam yake ajiyewa cikin akwati kamar zinariya, ya suɓuce masa ya faɗi a siminti. Malam bai dake shi ba. Da ma dukansa ya yi aka wuce wurin. Gwangwanin fenti ruwan ɗorawa ya ɗauko, ya ja layi a bakin ƙofar gareji daga wannan bango zuwa wancan.

Ya ce, "Daga yau ba ka ƙetare layin nan sai ranar da motarka ta gama."

Yaron ya samo wani tsohon gwangwani ya kife a bayan layi, nan ya zama kujerarsa. In ya dawo daga makaranta ko rigar ba ya cirewa, sai ya je ya zauna ya yi tagumi. Daga inda yake yana hango ɗan katako zaune a tsakiyar bututun, a inda kujera za ta kasance, yana ta murmushinsa na biro. Malam ya ɗaga masa ƙafa ya ɗora a birki, ya sauke, ya gyara masa hannu a sitiyari. Har magana yake yi masa. Da kunnena na ji yana ce masa, "Matsa kaɗan in gani." Wanda na ɗauki cikinsa kuwa yana waje ƙuda na bin ƙafarsa.

Bari in gaya miki yadda mutumin nan yake aiki, don in ba ki san wannan ba za ki ɗauka ragwanci ne. Ba rago ba ne, wallahi. Bai taɓa wuni bai taɓa motar nan ba. Abin da yake yi shi ne, ba ya walda gaba ɗaya. Ɗigo yake yi, ɗigo nan ɗigo can, don ƙarfen ya tsaya kawai. Wai sai komai ya zauna daidai sannan a bi a walde. To komai bai taɓa zama daidai ba. Ya haɗa gaban motar, ya ja baya ya rufe ido ɗaya ya kalla, ya yi tsaki, ya ɗauko injin gurza ya karya ɗigon ya sake. Kuma ba ya sayen abin da zai iya yi da hannunsa. Noti, wannan notin da ake zubawa a tire a bakin titi, sai ya tsaya ya sassaƙa nasa, wai na kasuwa suna girgiɗi.

Kayan kicin ɗina ma ba su tsira ba. In zai lanƙwasa bututu sai ya cika shi da busasshen yashi don kada ya motse a kwana. Da rariyata ya tankaɗe yashin, a babbar tukunyata ya soya shi. Na zo na tarar da mutum a tsaye a kan murhuna yana juya yashi da ludayi, ko kunya babu. Na ce, "Malam, a sa gishiri ko ya ji?" Bai ma gane tsiya nake yi masa ba. Ya ce mini gishiri yana cin ƙarfe.

Ƙaiƙayin ƙarfe kuwa ba inda bai kai ba. A tabarma, a tafin ƙafata, har cikin sabulu na taɓa cirowa.

Guntu ya gama firamare, mota tana da tayoyi biyu. Ya shiga sakandare aka samo injin wata tsohuwar ƙaramar mota, Malam ya warware shi kaf ya jera a tebur, ya daɗe a jere kafin ya koma inji. Ban san ranar da yaron ya daina zama a kan gwangwanin nan ba. Na dai tashi wata rana na ga gwangwanin ya yi tsatsa, ruwan sama ya taru a gindinsa. Ya koma ƙwallo, ya koma abokai. In ya dawo ya tsaya a bayan layi ya ce, "Baba, sannu da aiki." Malam yana sunkuye da baƙin gilashin walda a fuska, ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya waiwayo ba. Ta cikin gilashin nan ba abin da ake gani sai wuta. Abinci ma a gareji yake ci, a tsaye.

Sai yaro ya fara miƙewa. Kai, ban taɓa ganin irin wannan tsawo ba. Wandon da na saya masa farkon zango, kafin hutu ya koma kamar na aro. Sunan Guntu ya zama abin dariya a unguwa, don sai ya sunkuya yake shiga kicin ɗina. Kafaɗa ta buɗe, murya ta fashe, takalminsa in ya cire a bakin ƙofa sai baƙo ya tambaya ko muna da wani baƙon.

Kada ki ce ban yi magana ba. Na yi. Na kai shayi ran nan na tsaya a bayan layi, don ni ma layin ya hau kaina, na ce, "Malam, yaron nan fa ya girma. Anya zai shiga abin nan?"

Ya ɗaga gilashin ya kalle ni kamar na zage shi. "Kina ganin ban san yaro yana girma ba? Na bar masa sarari."

"Da yawa?"

"Yatsa biyu a sama, yatsa biyu a gaban gwiwa." Ya nuna mini yatsun, ya girgiza kai kamar mai jin kunyar ɓarnar da ya yi. "Ni da nake aiki da kaurin gashi. A sana'ar nan in ka bar yatsa biyu ai ka bar fili."

Ni me na sani? Na ɗauka kujerar mota ai ana tura ta baya, kowace mota na shiga haka na gani. Ashe tasa a kafe take da noti huɗu, wai masu zamewa suna girgiɗi. Wannan kuma ban sani ba sai ranar da sanin ba shi da amfani.

Guntu ya karanci aikin lantarki. Na san da gangan ya zaɓa, don kada wani abu ya haɗa shi da ƙarfe. Shi da uban ba su taɓa yin faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da faɗa suke yi da na shiga tsakani. Gaisuwa ce kawai, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan sai gobe. Sai ga shi ya samu aiki can wata uwa duniya, inda sai an hau jirgi. Da ya gaya mini na yi masa murna, na shiga ɗaki na yi kukana. Na san ɗana. In ya fita daga gidan nan a haka, waya zai riƙa yi mini, ya tambayi lafiyar Baba a ƙarshen magana, amma ƙafarsa ba za ta dawo ba. Ba abin da zai dawo wa.

Ranar na ƙetare layin. Na taka shi da takalmina na shiga har gaban injin sassaƙa na kashe makunnin da hannuna. Malam ya juyo baki buɗe.

Na ce, "Yaronka zai tafi ƙarshen wata. Ka yi masa alkawari yana aji huɗu, yau ga shi da gemu. In ya bar gidan nan bai hau motar nan ba, wallahi ba zan yafe maka ba. Ban taɓa roƙonka komai ba, Malam. Rariyata ka cinye, tukunyata ka cinye, ƙuruciyata ka cinye, ban ce uffan ba. Wannan ɗaya nake roƙo."

Ya ce, "Bayan motar bai zauna daidai ba tukuna, akwai ɗan..."

Na ce, "Ka walde ta a haka!"

Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya ce, "To."

Sai na koma kan ɗan. Na same shi a ɗaki yana jera kaya a jaka. Na ce masa Babansa zai gama motar kafin ya tafi. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

Ya ce, "Umma, motar nan ai ba tawa ba ce. Mai ita yana ciki a zaune tun tuni."

Na ce, "Kai dai ka zo. Don ni."

Ya ce, "Don ke zan zo."

Makonnin nan ban taɓa ganin Malam haka ba. Ya sallami masu kawo gyara, ya ce su dawo wani watan. Ya bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya yana waldewa gaba ɗaya, kicin ɗina ya cika da warin ƙarfe, ban yi ƙorafi ba. Duk wanda ya walde sai ya tsaya ya shafa shi da babban yatsa, fuskarsa kamar wanda ake cire wa haƙori, don ya san daga nan ba gyara. Ya ɗaura tayoyi huɗu, ya ɗora inji a bayan kujera, ya sa bel mai faɗi. Ya yi mata jan fenti, don wadda suka gani a talabijin ja ce. Ashe bai manta ba. Da na ga jan fentin nan sai zuciyata ta karye, har na dafa masa abin da yake so na kai masa da kaina, na zauna a gefensa ya ci.

Ranar da aka sa, da hantsi, maƙwabcinmu mai faci ya zo ya taya Malam turo motar waje. Ya kawo motarsa ta ɗaukar kaya, da niyyar a ja ta Malam zuwa tsohon ramin haƙar yashi da ke bayan gari, inda akwai tudu da kwari. Kafin a ce haka layinmu ya cika. Mutanen da suka shekara da shekaru suna jin ƙarar gurza ta bango duk sun fito ganin abin da ya hana su barcin rana. Kuma gaskiya ta yi kyau. Ko ni da nake jin haushinta na san ta yi kyau. Malam ya miƙa hannu ya tayar da injin, ya kama tashi ɗaya, yana wata ƙara mai laushi ba tari ba shaƙewa. Mai faci ya ce, "Kai, Mai Awo, ka gama da mu!"

Malam ya kwance ɗan katako daga kujera, ya kai shi ciki ya jingine da teburin ƙarfe. Ya dawo da hular kwano sabuwa fil, ya ce, "Ina yaron?"

Guntu ya fito daga cikin gida. Ya zagaya motar a hankali, ya taɓa fentin, ya taɓa taya. Yaron nan na kan gwangwani yana nan a cikinsa bai je ko'ina ba, ni uwa ce, na gan shi. Ya ce, "Baba, ta fi ta talabijin ɗin."

Malam ya ce, "Na gaya maka. Shiga."

Guntu ya karɓi hular ya kifa, ta tsaya masa a tsakar ka ta ƙi sauka. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, ya miƙa mini ita. Ya kama bututun sama ya zura ƙafar dama. Ƙafar ta shiga. Ya sunkuya ya cusa kai da kafaɗa ɗaya, ɗaya kafaɗar ta tokare da bututu. Ya fito ya sake ta baya, ya fara sa ƙugu. Ƙugun ya cije tsakanin ƙarfen kujera, gwiwarsa ta daki sitiyari ta wuce shi, kansa ya karkace a ƙarƙashin bututun sama har kunnensa na taɓa kafaɗa. Ƙafar hagu tana waje a kan titi, ba inda za a sa ta. Mai faci ya kama ta yana turawa yana cewa, "Ka ɗan tsuke, ka ɗan tsuke." Wani daga baya ya ce a shafa masa man inji. Aka sake fashewa da dariya.

Sai dariyar ta mutu da kanta, don kowa ya ga fuskar Malam.

Da ƙyar aka zaro yaron, rigarsa ta yage a kafaɗa, jan fenti ya goge a gwiwar wandonsa. Ya miƙe tsaye a gaban ubansa. Ina jin ranar ce rana ta farko da suka tsaya gab da gab tun yana yaro. Malam sai da ya ɗaga kai sama kafin ya ga idonsa. Ya kalle shi daga sama har ƙasa kamar an kawo masa ƙarfen da ba shi ya yi oda ba.

Guntu bai yi fushi ba tukuna. Ya ce, "Ba komai, Baba. A matsar da kujerar baya."

"Inji ne a bayanta."

"To a yanke wannan na saman, a ɗaga shi."

Malam ya dafa bututun da sauri kamar an ce za a yanke masa hannu. "Wannan shi ke riƙe da komai. An riga an walde. In ka yanke shi ka kashe motar."

Ni ina tsaye da hular kwano a hannu ina roƙon Allah a zuciyata. Kalma ɗaya nake so ya faɗa. Ya ce ka yi haƙuri, ko ya ce kai, ka girma, ko ya yi dariya ma kawai ya dafa kafaɗar yaron. Da ya yi haka da an tashi lafiya, mota ta je ta ruɓe. Sai na ga ya juya ya shiga gareji. Na ce alhamdu lillahi, zarto zai ɗauko.

Ɗan katako ya ɗauko. Ya rungumo shi a gaban jama'a, ya lanƙwasa masa gwiwa, ya zaunar da shi a kujera, ya ɗora masa hannu a sitiyari da ƙafa a birki. Ya shiga sumul. Malam ya sa yatsa biyu tsakanin kan katakon da bututun sama, ya sa biyu a gaban gwiwa, ya juyo yana kallon mai faci da sauran mutane.

Ya ce, "Kun gani? Aikin daidai yake. Ba a motar matsalar take ba."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Sai Guntu ya taka ya je bakin gareji, ya ƙetare layin nan ruwan ɗorawa da ya kusa gogewa, ya ɗauko tef a kan tebur ya dawo ya miƙa wa uban. Ya buɗe hannuwansa biyu ya tsaya cik.

Ya ce, "Ga ni, Baba. Yanzu na iya tsayawa. Auna ni."

Malam ya karɓi tef ɗin. Ya ja bakin tef ɗin ya fito da shi, ya kalli yaron, ya kalli motar. Sai ya durƙusa a gefen motar ya fara auna daga kujera zuwa birki, yana motsa baki yana lissafi. Yaron yana tsaye da hannu a buɗe a tsakiyar titi, mutane suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gaji ya sauke hannun, ya karɓi hular daga hannuna, ya kifa wa ɗan katako a ka. Ta zauna masa daidai. Ya shige gida.

Ranar tafiyarsa ni na raka shi tasha, mai faci ya kai mu. Kafin mu fita ya tsaya a bayan layi ya ce, "Baba, na tafi." Injin sassaƙa yana juyi. Malam ya ɗaga hannu ɗaya ya ce Allah ya tsare. Na so in shiga in fasa wannan injin da guduma, amma jirgi ba ya jira, na bi ɗana.

Na yi kwanaki ban yi wa Malam magana ba. In ajiye abinci a bakin layi in juya. Sai ran nan ina tsintar shinkafa na ga inuwa a ƙofar kicin. Shi ne, yana murza tsumma a hannu. Ya rame, idonsa ya faɗa. Na ce a raina to, yau dai bakin zai buɗe, zai ce in kira masa yaron a waya.

Ya ce, "Yaron nan bai bar wani wando ba?"

Na ce, "Me za ka yi da shi?"

"Da riga, in akwai mai dogon hannu. Zan fitar da sabon samfur. Na duba, injin da tayoyin duk za su yi, jikin kawai za a sake."

Na ajiye tiren. Na ce, "Malam, ya tsaya a gabanka da hannu a buɗe."

Ya sunkuyar da kai. "Mutane sun yi yawa a wurin. Ba a awo cikin hayaniya."

Na shiga ɗakin Guntu na ɗauko wandon nan mai jan fenti a gwiwa da rigar da ta yage, na watsa masa a ƙirji. Ya tsince su a ƙasa ya ninke da kyau, har da cewa ya gode. Da la'asar na ji zarto yana cin katako.

Yanzu 'yan katako biyu ne a garejin. Ƙaramin yana cikin jar motar da hularsa yana murmushi. Babban yana zaune a tsakiyar sababbin bututu da aka ɗiɗɗiga, ba ido ba baki, don babu wanda zai zana masa. Rariyata ta sake ɓacewa. In na kai shayi ina jin Malam yana ce wa babban, "Matsa kaɗan in gani." Wannan karon, in ji shi, yatsa uku ya bari.

Guntu yana kirana duk ƙarshen mako. Mu yi hira mu yi dariya, sai in zai kashe ya ce, "A gaida Baba." Na tambaye shi yaushe zai zo hutu, ya ce aiki ya yi yawa, ni in shirya zai aiko mini da tikiti. Shekaranjiya ya turo mini hoto. Abincin can ya karɓe shi, ya yi ƙiba, wuya ya cika, har tumbi ya fara. Wandon nan ko cinyarsa ba zai wuce ba yanzu.

Malam ya ji ƙarar wayar daga gareji ya ɗaga murya ya ce, "Yaron ne? Yana lafiya?"

Na kife wayar a kan tire. Na ce, "Lafiya lau. Yana nan yadda ka san shi."